Tumbin bayan arba'in

Ranar Asabar na ɗauko kaftanin Sallar bara zan tafi ɗaurin aure Kubwa, sai ya ƙi shiga. Maiɗakina ta ce wanki ne ya matse shi. Na san tausayina take ji.

Zaman Abuja ke nan: daga mota sai ofis, daga ofis sai cunkoson Nyanya, a iso gida ƙarfe tara a zauna wa tuwo da balangu, a kora da lemon kwalba, sai gado. Bayan shekara 40 kuma tsoka na raguwa, kitse na taruwa a ciki. Mu muna ce masa alamar hutu, likitoci kuwa da shi suke hango hawan jini da ciwon sukari.

Gwajin kyauta ne. Ka yanko igiya daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya ƙugunka da ita ta saitin cibiya. In bakunan ba su haɗu ba, akwai aiki. Nawa ko gaisawa ba su yi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato sassarfar minti 30 sau biyar. Na fara a bakin tafkin Jabi bayan Asuba, na mayar da tuwon dare malmala ɗaya. Mai ciwon zuciya ko gwiwa ya fara ganin likita tukuna. Shayin rage ƙiba da ake talla a WhatsApp kuwa, Hajiya, ki riƙe kuɗinki.

Kaftanin na nan rataye, sai ƙaramar Sallah mu sake gwadawa.