Boyin Kyaftin da 'Yar Aikin Hajiya: Wa Ke Cin Guminsu?

Mai karatu, don Allah tuno fim ɗin Hausa na ƙarshe da ka kalla wanda aka sa 'yar aiki a ciki. Yaya aka nuna ta? Bari in taya ka. An shafa mata baƙin tukunya, an ɗaura mata ɗankwali a karkace, ta ga firij ta zabura tana salati. In ba sakarya ba ce, to ɓarauniya ce, ko kuma mai ƙwace mijin Hajiya. Mu kuma muna falo muna ƙyaƙyata dariya, alhali wata yarinya irinta tana kicin tana wanke kwanon da muka ci tuwo a ciki.

Ni dai wannan dariya ta fita daga raina, domin na san inda ake ɗebo yaran. Na sha tsayawa a tashar Birnin Kudu bayan girbi in ga dattijuwa tafe da 'yan mata uku ko huɗu daga ƙauyukanmu da na ƙasar Gwaram, kowacce da ƙullin kayanta a leda. Dillaliya ce. Mota za ta bi da su ta Kwanar Huguma, ta Wudil, sai Kano. Ƙarshen wata ita ce za ta zagaya gida-gida ta karɓi albashin, ta cire nata, ragowar ta aika wa uwa wai a tara kayan ɗaki. Ita mai aikin ko sisi ba ya taɓa hannunta.

Kada ka zaci mu muka ƙirƙiro wannan ciniki. A zamanin da jiragen yaƙin Ingila ke tafiya da iska, kafin a sa musu inji, doka ta bai wa kyaftin damar ɗaukar yara huɗu a matsayin barori a kan kowane mutum ɗari na jirginsa. Gwamnati na biyan albashin yaron, amma aljihun maigida kuɗin ke shiga. Barorin kuwa kashi biyu ne. Akwai 'ya'yan manya, waɗanda sunan bara kawai ake rubuta musu don su cika shekara 6 a teku, su zauna jarrabawar zama laftanan. Nelson, gwarzon da Turawan Ingila ke taƙama da shi, yana ɗan shekara 12 ya shiga jirgin kawunsa a 1771, ya ƙare yana babban kwamanda. Sannan akwai 'ya'yan talakawa, irin waɗanda wata ƙungiya da aka kafa a Landan a 1756 ke kwasowa daga kwararo, ta ɗinka musu riga ta miƙa su jirgi. Su ne ke goge takalmi, su kai abinci, in yaƙi ya kaure su riƙa gudu da albarushi zuwa bakin igwa.

Cikin masu gudu da albarushin nan har da ɗan ƙasarmu, Olaudah Equiano, wanda ya ce a ƙasar Ibo aka sato shi yana yaro. Wani hafsan sojan ruwa, Michael Pascal, ya saye shi, ya canza masa suna, ya yi yaƙin Ingila da Faransa yana biye da shi. Yaron ya sa rai in an gama za a 'yanta shi. Ina! A ƙarshen 1762 maigidan ya sayar da shi, bayan ya cinye albashinsa da rabonsa na ganima. Sai a 1766 ya fanshi kansa da fam 40. Amma a cikin jirgin nan ya koyi karatu da lissafi, kuma a 1789 ya buga tarihin rayuwarsa, littafin da ya taimaka wa masu yaƙi da cinikin bayi.

Mu ma Hausawa muna da namu, ko da yake a tudu ya yi tasa barantakar. Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram, ya yi wa Bature Barth hidima har Tambutu, ya bi shi Ingila a 1855. A can ya ba da labarinsa da Hausa aka rubuta, ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885, ya kuma rasu a Kano a 1912. Ka ji fa! Ɗaya daga cikin tsofaffin tarihin rayuwa da aka buga da harshenmu daga bakin yaron gida ya fito. To ina marubucin da ya zauna da 'yar aikin gidansa ya tambaye ta labarinta? Ina furodusan da ya taɓa bin ta zuwa Basirka ya nuna mana ranar da aka cire ta daga aji huɗu?

Na san abin da za a ce mani. Za a ce taimako ne, da zaman yunwa a ƙauye gara cin shinkafa a birni. Ban musa akwai talauci ba, kuma ban ce duk matan gida azzalumai ne ba. Amma taimakon nan wane iri ne, da 'yarki ke tafiya makaranta da jaka, 'yar wani ce ke goyo mata jakar ta dawo ta kama shara? Har boyin kyaftin ya fi ta, domin shi ko banza yana fita da sana'ar jirgi. Ita kuwa bayan shekara biyar me ta fita da shi? Kwalla da samira, da hannu duk kanta. Ba boko, ba islamiyya. Wata ma da cikin da ba mai amsa nasa ne ake koro ta, a ce ita ce marar tarbiyya.

Ingila ta soke wannan tsari na barorin hafsoshi tun 1794, aka koma biyan yaro kuɗinsa. Mu yau doka ba ta yi mana ƙaranci ba. Dokar 2004 ta wajabta ilimin shekara 9 kyauta ga kowane yaro. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau. Jigawa ma ta sa hannu a dokar kare yara a 2021. Kafin duk waɗannan, Musulunci ya riga ya umarce mu da ciyar da mai yi mana hidima daga abin da muke ci, da biyansa haƙƙinsa ba ja-in-ja. Aiki da su ne ya gagare mu.

Saboda haka, 'yan fim, ku da kuke cewa kuna faɗakarwa, ga fili ga mai doki. Ku daina shafa mata baƙin tukunya. Ku ba ta suna da uwa da gari, ku sa kyamara ta bi kuɗin nan daga jakar Hajiya har inda suke ɓacewa. Kai kuma mai karatu, ajiye mujallar nan ka leƙa kicin. Shekararta nawa? A ina take kwana? Wa ke karɓar albashinta? In amsar ta ba ka kunya, ranar Litinin ka sa ta a makaranta.

Allah ya sa mu gyara.