Zancen wata: Kasuwar gida ba ta ci sai da mutanen gida

Dattawan Mallawa, Dungas da Magarya ba su mance da zamanin gujiya ba. A shekara ta 1962 gomnati ta kafa kamfanin SONARA don sayen gujiya. In kaka ta yi, a kafa sikeli, manomi ya auna, ya amshi kuɗinsa. Daga nan sai kanti: yadi, gishiri, sabuni, kananzir. Tela ya samu, mahauci ya samu.

Fari ya zo a 1973. A 1975 ƙwarin darɓa suka kashe gujiya. Sikeli ya tashi, daga baya SONARA ma ta rufe. Da kuɗin manomi suka ƙare, ciniki ya ja baya.

Abu na biyu shi ne iyaka. Ranar Alhamis mutane da bisashe suna kwarara zuwa Maigatari cikin Nijeriya. Wanda ya saida sa a can, a can yake sayayya. Kuɗin ba su dawowa rumfunan gida.

Amma hanyar nan ba ta da tabbas. Nijeriya ta rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986. Ta sake rufewa daga 2019 zuwa 2020, kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Kowane karo kaya sun yi tsada, masu bisashe sun sha wuya. Mai kwana a tabarmar aro, a ƙasa yake kwana.

Gyara ya soma. Shirin ProDAF, wanda ya fara a 2015, ya gina kasuwannin amfanin gona da hanyoyin karkara a jihohin Maraɗi, Tawa da Damagaram. Amma siminti shi kaɗai ba ya tara jama'a.

Ga abin da ya rage ga mutanen karkara:

Manoman riɗi da wake su haɗa kai cikin ƙungiya, su tara buhuna wuri guda. In kaya sun yi yawa, babbar mota za ta zo har gida.

Makiyayi ya fara gwada bisarsa a kasuwar kusa kafin ya yi nisa.

Mai rumfa ya biya kuɗin kasuwa, ya amshi takarda, ya tambayi ma'aikatan komin abin da aka yi da su: rumfa, rijiya ko shara.

Mai kanti ya gyara mudu, ya sassauta riba.

Kaka tana tafe. Shawara tana wurin taron gari.