Libarbar Farko da Kuɗin da Ba a Rubuta a Jikin Kwali ba

A yankunan karkara na Amurka, daga Texas zuwa Montana, koya wa yaro harbi al'ada ce da ake gada daga kaka zuwa jika, kamar noma ko kamun kifi. Ƙungiyar matasa ta 4-H tana gudanar da shirin koyar da harbi a jihohi da dama, kuma iyaye da yawa suna ɗaukar ranar da ɗansu ya fara jan kunamar bindiga a matsayin wani tsani na girma. Idan lokacin ya zo, muhawarar kusan guda ce a ko'ina: wace ƙaramar libarba za a saya, kuma nawa ya kamata a kashe? Yadda aka saba amsa wannan tambaya yana ɓoye abin da ya fi nauyi. Farashin da ke manne a jikin kwali shi ne kaso mafi ƙanƙanta na abin da iyali za su biya, kuma wanda ya tsaya a kansa bai gama lissafi ba.

Dalilin fifita harsashin .22

Yawancin harsasan zamani suna kama wuta ne daga tsakiyar gindinsu. Harsashin .22 kuwa daga gefe yake kamawa: sinadarin da ke tayar da albarushi yana kwance a cikin leɓen gindin kwanson, gudumar bindiga ta daki leɓen, wuta ta tashi. Fasaha ce tsohuwa. Bafaranshe Louis-Nicolas Flobert ne ya fara ta a 1845, kamfanin Smith & Wesson ya fito da libarbarsa ta farko da irin wannan harsashi a 1857, sannan samfurin .22 Long Rifle, wanda ya mamaye kasuwa har yau, ya bayyana a 1887. Ƙera shi ba ya cin kuɗi, bugun da yake yi wa hannun mai harbi kaɗan ne, ƙararsa kuma ba ta kai ta manyan harsasai ba. Saboda haka ɗan koyo zai iya harba ɗari a wuni ɗaya ba tare da tsoro ya kama shi ba, kuma ba tare da aljihun mahaifinsa ya girgiza ba.

Libarba ita ma tana da hujjarta. Irin wadda sai an ɗaga gudumarta da babban yatsa kafin kowane harbi tana tilasta wa yaro natsuwa. Ana ɗura mata harsashi ɗaya bayan ɗaya ta wata 'yar ƙofa a gefe, ana zare kwanson ɗaya bayan ɗaya. Wannan jinkiri, da gwanaye ke ganin aibu ne, shi ne babban alherinta ga malami, domin yana ba shi damar sa baki tsakanin harbi da harbi.

Hawa uku na kasuwa

A ƙasa akwai Heritage Rough Rider, wadda aka daɗe ana samu a ƙasa da dala 200, da Ruger Wrangler, wadda ta fito a 2019 da farashin kamfani na dala 249. A tsakiya akwai Ruger Single-Six ta 1953 da Ruger Bearcat ta 1958, wadda ƙanƙantar mariƙinta da nauyinta na kusan giram 700 suka sa ake yawan ambatonta idan ana zancen ƙananan hannaye. A sama kuma akwai irin su Smith & Wesson 617, mai cin harsashi goma, wadda kuɗinta ya ninka na Wrangler sau uku ko fiye.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a nan tsada ma ba ta tabbatar da dacewa. Nauyin 617 ya haura kilo ɗaya, abin da ke gajiyar da hannun yaro cikin mintoci kaɗan. Ƙari a kan haka, idan za a harba irin wannan libarba da jan kunama kaɗai, ba tare da an ɗaga guduma ba, sai an ja da ƙarfi sosai, domin leɓen harsashin .22 yana bukatar duka mai nauyi kafin ya kama. Yaron da ke kokawa da kunama ba ya lura da inda bakin bindigarsa ya dosa, kuma a nan haɗari yake.

Abin da ya cancanci a biya kuɗi dominsa shi ne tsarin kariya na cikin bindigar. Tsofaffin libarbobi masu ɗagin guduma suna iya tashi da kansu idan suka faɗi ƙasa alhali guduma na kan harsashi. Shi ya sa mutanen da suke barin rami ɗaya babu komai. A 1973 kamfanin Ruger ya sauya ƙirarsa, ya saka wani ɗan ƙarfe da ke shiga tsakanin guduma da allurar da ke dukan harsashi, wanda ba ya hawa gurbinsa sai an ja kunama har ƙarshe. Daga baya ya riƙa gyara wa masu tsofaffin samfura kyauta. Wrangler tana da wannan ƙarfe. Rough Rider kuwa ta dogara ne da makarin da sai mutum ya tuna ya murɗa shi da hannu. Bambancin 'yan daloli ne, amma bambanci ne tsakanin kariyar da ke aiki da kanta da wadda ke jiran hankalin ɗan shekara goma sha biyu. Haka nan tsohuwar libarbar kaka da aka samu kyauta tana iya zama zaɓi mafi tsada, idan ba a kai ta ga maƙerin bindiga ya duba ta ba.

Ƙarama ce, amma tana kisa

Kalmar “ƙarama” tana yaudara. Da libarbar .22 aka kashe Sanata Robert Kennedy a Los Angeles a 1968. Da wata libarbar .22 mai araha, ƙirar Röhm, aka harbi Shugaba Ronald Reagan a 1981, aka kuma nakasa kakakinsa James Brady har ƙarshen rayuwarsa. Kwalayen harsashin kansu suna ɗauke da gargaɗin cewa yana iya tafiya fiye da mil ɗaya. A 2013, a jihar Kentucky, wani yaro ɗan shekara biyar ya harbe ƙanwarsa 'yar shekara biyu da doguwar bindigar .22 da aka ƙera musamman domin yara. An bar ta a jingine a kusurwar ɗaki, ana zaton babu harsashi a ciki.

Dokar tarayya ta san da wannan. Tun 1968 dillali mai lasisi ba ya sayar da bindigar hannu ga wanda bai kai shekara 21 ba. Dokar 1994 ta haramta wa ɗan ƙasa da shekara 18 riƙe ta, sai a wasu halaye kamar atisaye da farauta, bisa rubutaccen izinin iyaye. Ke nan a idon shari'a babu wani abu mai suna libarbar yaro. Ta babba ce, ya ara masa na ɗan lokaci. Kotun Michigan ta ƙarfafa wannan ma'ana a 2024, lokacin da ta ɗaure James da Jennifer Crumbley shekara 10 zuwa 15 kowannensu, bayan ɗansu mai shekara 15 ya kashe ɗalibai huɗu a makarantar sakandaren Oxford a 2021. Bindigar ba .22 ba ce, amma darasin ɗaya ne: an saye ta kwanaki kaɗan kafin lamarin, ba a kuma killace ta yadda ya kamata ba.

Lissafi na gaskiya

Akwai masu cewa duk wannan zaɓe-zaɓe ɓata lokaci ne, kuma hujjarsu ba abin rainawa ba ce. Alƙaluman hukumar CDC sun nuna cewa a 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota, ta zama kan gaba wajen hallaka Amurkawa 'yan shekara 1 zuwa 19. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta daɗe tana cewa gidan da ya fi aminci ga yaro shi ne wanda babu bindiga a ciki. Hatta a cikin malaman harbi, da yawa sun fi son a fara da doguwar bindiga, domin juya ta zuwa ga mutum bisa kuskure ya fi wuya.

Sai dai miliyoyin iyalai sun riga sun yanke shawara, kuma wa'azi kaɗai ba zai sauya su ba. Abin da za a iya nema daga gare su shi ne su yi lissafin da ya cika. Akwatin ƙarfe mai makulli, wanda yaro bai san lambarsa ba, shi ne abu na farko, tare da ajiye harsashi a wani wuri dabam. Sai abin toshe kunne, domin ƙarar .22 daga gajeren bututu ta isa ta lalata ji. Sai tabarau, domin hayaƙi da burbushin dalma suna fesowa ta 'yar tazarar da ke tsakanin ganga mai juyawa da bututu. Sai kuɗin malami ƙwararre. Sai kuma abin da ba ya sayuwa a kanti: babban mutum da zai tsaya dab da kafaɗar yaron a kowane harbi, shekara da shekaru.

Mahaifin da ya sayi libarbar dala 250, ya kashe ninkinta a kan makulli da horo, ya fi wanda ya sayi ta dala 900 ya jefa ta cikin durowar gefen gado sanin darajar ɗansa. Idan kuɗin da ke hannu ba za su isa duka biyun ba, akwatin ƙarfe za a fara saya, libarba ta jira wata shekara.