Kwanon Gilashi na Gwanjo: A Bar Shi a Kabad

Duk mai shiga layin 'yan gwanjo ta san tsofaffin kwanonin gilashin nan masu kauri, farare daga ciki, bayansu da fenti ja ko ruwan ɗorawa, wasu da zanen furanni. Da yawansu na gashi ne a obin. Kamfanin Corning na Amurka ne ya fara yin samfurin Pyrex a 1915, masu launi kuma suka yi tashe daga shekarun 1940 zuwa na 1980. A can har tara su ake yi kamar kayan tarihi, ana bin shagunan tsofaffin kaya ana tsinta. Mu ma ba baƙin wannan sha'awa ba ne, kakanninmu sun jera langa da tasa har rufin ɗaki.

Ra'ayina shi ne, muddin kina da juna biyu ko akwai ƙaramin yaro a gidan, ki yi ado da su, amma kada ki ci abinci a ciki.

Dalili shi ne dalma. Fentin da ake yi wa kwanoni a wancan zamani sau da yawa yana ɗauke da ita, kuma ido ba ya gane mai ita da marar ita. Za ki ce ai fentin a baya yake. Haka ne, to amma yaya kike ajiye su? Wani cikin wani, bayan ƙarami yana gogar cikin babba. Ga soson ƙarfe wajen wanki, ga hannun da ya riƙe kwanon ya koma cikin tuwo. Idan fentin ya dushe ko yana barin gari a yatsa, ya fara fita ke nan.

Dalma tana ratsa mabiyiya ta isa ga jariri, ta taɓa ƙwaƙwalwar da ake kan ginawa. Tana iya jawo ɓari, haihuwar bakwaini da hawan jini ga uwa. Takan kuma kwanta a ƙashi shekara da shekaru, sai ciki ya zo ta fito cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da aka san ba ya cutarwa. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda yara kimanin 400 suka rasu. Wancan daga niƙan dutsen zinare ne, ya fi na kwano muni nesa ba kusa ba, amma gubar ɗaya ce.

Gilashi garau marar fenti ba shi da wannan matsala, sai dai ki duba tsagewa ko ɓantarewa, kuma kada ki ɗora shi kan wuta ko ki zuba masa ruwan sanyi yana da zafi, yakan fashe. Kofunan kiristal masu nauyi da ƙyalli kuwa, akan zuba dalma cikin gilashin kansa, don haka ba na zoɓo ko tsamiya ba ne.

Maigida, in za ka yi wa mai jego tsaraba, sayo na silba ko gilashi garau. Ke kuma in kin daɗe kina amfani da masu fentin, ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya ranar awo.