Ciyawa ma rumbu ce

Muna yi ma duk wanda wutar daji ta taɓa shafa jaje. Allah ya mayar da alheri.

Kowa ya san yadda abin yake a ƙasarmu ta Nijar. Shekarar da Allah ya ba mu damana mai kyau, ita ce shekarar da muke kwana da ido ɗaya. Daga watan Oktoba ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta taso daga gabas, garwashi ɗaya da aka bari wurin shayi ya isa. Daga Abalak zuwa Cintabaradan, daga Barmo zuwa Balbeji da Tanut da Adarbisinat, babu makiyayin da bai taɓa ganin sama ta yi ja da dare ba. Maza da samari su fita da rassan itace suna bugu har gari ya waye. Wani lokaci a ci ƙarfinta, wani lokaci sai ta ga dama ta tsaya.

Maganarmu ta yau kan abin da ke biyo bayan wutar ne, wato taimakon gwamnati da na masu ba da agaji: wa ake ba, kuma da wane ma'auni ake aunawa.

In wuta ta mutu, ma'aikata sukan zo da mota. Su auna faɗin wurin da ya ƙone, su rubuta. Sannan su tambaya: ɗaki nawa ya ƙone, rumbu nawa, damin hatsi nawa, bisa nawa ta mutu? Wanda rumbunsa ya ci wuta a rubuta sunansa, in Allah ya sa agaji ya zo ya samu buhun hatsi da bargo da tabarma. Ba mu yi masa hassada, ɗan uwanmu ne, kuma asararsa asara ce. Amma makiyayi fa?

Wata shekara mun raka wani dattijo daga arewacin Dakoro zuwa wani ofishi bayan wuta ta cinye makiyayar da ke kewaye da rijiyarsu. Ma'aikacin mutumin kirki ne, ya ba mu wurin zama, ya ɗauko takardarsa. Ya ce: "Baba, gonarka eka nawa ce?" Dattijo ya ce ba shi da gona. "Shanu nawa suka mutu?" Ya ce ko ɗaya, yara sun kore su tun da wuri. Ma'aikaci ya ajiye alƙalami ya ce: "To baba, me ka rasa?" Dattijo ya ce: "Ɗana, na rasa abincin wata takwas." Ma'aikaci ya duba takarda sama da ƙasa, ya ce babu gurbin wannan a ciki. Haka muka taso hannu wofi.

Bari mu yi ma masu tsara irin wannan takarda bayani. A kudu, inda gamba take, in an sa wuta saiwa na nan da rai, bayan ƴan kwanaki sai toho ya fito. A arewa ba haka ba ne. Ciyawarmu, irin su ƙarangiya, ta shekara ɗaya ce. Ta fito da ruwa, ta zuba iri, ta bushe a tsaye, kuma wannan busasshiyar ita ce cimakar bisashe har wata damana. In ta ƙone a Nuwamba, ba abin da zai sake fitowa sai Yuli, in ruwa ya zo da wuri. Har irin da ya zuba ƙasa wuta kan ci wani kashi nasa.

Su kansu ma'aikatan kiwo suna da lissafi. Sun ce bisa mai nauyin kilo 250 tana bukatar busasshiyar ciyawa kilo 6 da kwata kowace rana. A wata 9 na rani, kusan kilo 1700 ke nan. Mai garken shanu 30 yana bukatar sama da tan 50. To wannan tan 50 da ke tsaye a daji, me ya raba shi da rumbu? Manomi ya tara nasa cikin laka, mu namu Allah ya tara mana a fili. In na manomi ya ƙone an ce asara, in namu ya ƙone a ce daji ne ya ƙone.

Asarar makiyayi ba ta bayyana ranar wuta, daga baya take zuwa. Nono ya ɗauke, yara su rasa abin sha, mata su rasa abin kai wa kasuwa. A tashi a nufi rijiyar wasu, inda ciyawar ba ta wuce ta masu wurin ba. Ko a gangara kudu tun ba a buɗe gonaki ba, a shiga rigima da tara. Shanu su rame, masu ciki su yi ɓari. Kowa ya koro nasa kasuwa lokaci guda, a Sakabal ko Abalak, farashi ya faɗi, kuɗin sa ya koma na maraƙi. Waɗanda suka ga 1984 da 2010 sun san ƙarshen labarin: bisar da ta wahala duk rani, ruwan farko ne ke kayar da ita. A lokacin an daɗe da rufe takardar wuta, ba mai haɗa wannan mutuwa da waccan gobara.

Wasu sukan ce ai makiyayi ba shi da takardar fili, da me za a shaida wurin nasa ne? Amsa tana cikin dokokin ƙasa. Dokar 1961 ce ta ja iyakar noma, ta bar abin da ke arewa da ita don kiwo. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta yarda cewa makiyaya suna da haƙƙin fifiko a wurin da suka saba zama da komawa, kuma wata doka ta 1997 ta ƙara fayyace wannan. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma hana wani ya mallake makiyaya shi kaɗai. Ke nan doka ce da kanta ta hana mu takardar mallaka, kuma mun yarda da haka, domin makiyaya ta kowa ce. To yaya za a hana mu takarda da hannun dama, a tambaye mu ita da hannun hagu?

Wasu kuma su ce ba a san inda za a same mu ba, yau muna nan gobe muna can. Amma ranar rigakafin bisashe ana samunmu. Ranar haraji ana samunmu. Kowace rijiya da masu ita, kowane dangi da arɗonsa ko hakiminsa. Wanda ya so ganinmu ya san hanya.

Don haka ga abin da muke nema, kuma ba mu nemi abin da ya fi ƙarfin ƙasa ba.

Na farko, a ƙara gurbi cikin takardar ƙidayar asara: iyali nawa ke kiwo a wurin da ya ƙone, bisashe nawa ke sha a rijiyoyinsa. A yi ƙidayar tare da shugabannin makiyaya da hukumomin filaye da ake ce ma Kofo, tun da doka ta ba makiyaya kujera a cikinsu.

Na biyu, taimako ya zo da irin abin da aka rasa. Dussa da angurya a farashi mai rahusa, a rumbunan tsimi kusa da rijiyoyi, ba a babban gari mai tafiyar kwana uku ba. Kuma ya zo tun bisashe na da ƙarfi. Dussar da ta iso a watan Yuni ihu ce bayan hari.

Na uku, inda wuta ta yi ɓarna sosai, a sayi bisashen da ba za su kai damana ba tun suna da nama, a farashin mutunci. An yi haka a 2010, aka yanka aka raba ma mabukata, amma a wurare da yawa sai da bisashe suka gama lalacewa. Wanda garkensa ya ƙare kuma a tayar da shi ta hanyar da muka gada, haɓɓanaye: a ba shi aron uwa, ya riƙe ƴaƴa, ya mayar da ita.

Na huɗu, hanyoyin tare wuta. Ana share ciyawa faɗin mita 15 zuwa 20, tsawon kilomitoci, don wuta in ta iso ta rasa abin ci. Wannan aiki ana biyan kuɗi a kansa ko a yi gina ka ci, kuma ciyawar da aka share ana tara ta don rani. Muna roƙon a saki kuɗinsa da ɗaukewar ruwa, tun kafin wutar farko, kuma a ɗauki ƴaƴan makiyayan wurin, su ne suka san ta inda iska ke bi.

Mu ma akwai namu laifi, kada mu ɓoye. Wutar nan ba daga sama take faɗowa ba. Wanda ya dafa shayi ya tashi bai rufe garwashi da ƙasa ba, wanda ya yar da guntun taba, wanda ya bar yara da wuta a ruga ranar iska, duk a cikinmu suke. Sannan mun saba rage yawan bisashenmu in hukuma ta tambaya, don tsoron haraji. Wanda ya ce shanunsa 10 alhali 40 ne, ranar rabon dussa ta 10 za a ba shi, kada ya yi kuka da kowa. In wuta ta ci wurinku, ku kai labari ga hukuma da ƙungiya cikin kwanakin farko, ku sa a rubuta, ku riƙe kwafi.

Ku kuma ƴan uwanmu fatake da dillalai, ku ji tsoron Allah ranar da mutum ya koro saniyarsa don dole. Arahar bana ita ce tsadar baɗi, domin in garke ya ƙare a daji, kamyonku zai tsaya wofi a bakin kasuwa. Ku sa bakinku cikin wannan kira, ku kun fi mu kusa da ofisoshi. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba, a bakin rijiya da kasuwa. Allah ya tsare mana makiyayarmu, ya ba shugabanni ikon jin kukanmu, ya kai mu damana lafiya da mu da bisashenmu. Amin.