Ranar da Sandar Golf ta Yi Mini Nauyi

Wannan makon na jingine siyasa, domin takardar kuɗin shekara ta kulob ɗinmu na ƙwallon lambu, wato golf, ta kwana goma sha ɗaya a kan teburina ban sa mata hannu ba. Kuɗin ba su gagare ni ba, ko da yake tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowane magidanci ya koyi ƙirga kwabo. Abin da ya riƙe hannuna tambaya ce da na daɗe ina kauce mata: shin har yanzu ina son wasan nan?

Da yawa daga cikin masu karatu ba su taɓa riƙe sandarsa ba, don haka bari in ɗan yi bayani. Fili ne makeke mai ramuka 18. Ɗan wasa yana bugun 'yar farar ƙwallo har ta faɗa kowane rami bi da bi, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani, kuma doka ba ta yarda ya ɗauki sanduna fiye da 14 a jakarsa ba. Asalin wasan daga ƙasar Sukotlan yake, Turawa suka zo mana da shi. Filin Rayfield da ke Jos, wanda aka kafa a 1913 zamanin haƙar kuza, yana cikin mafi daɗewa a ƙasar nan, Kano da Kaduna da Zariya kuma kowacce tana da nata.

Ni likita ne ya tura ni, bayan ya auna jinina ya ga ya hau, ya ce in nemi abin da zai sa in riƙa tafiya a ƙafa. Zagaye guda kan ci kusan awa huɗu, tafiyar kuma ta haura kilomita shida. Shekarun farko nakan ƙosa gari ya waye ranar Asabar. Sanyin safiya, da raɓa a kan ciyawa, da ƙarar bugu idan ya zauna daidai, sun ishe ni lada. Sannu a hankali sai katin lissafi ya shiga tsakanina da wasan. Na fara auna kaina da abokai. Bugu ɗaya ya karkace, wuni ya ɓaci, har iyali su gane daga sallamata cewa yau an sha kashi. A bana sau uku ina zuwa bakin ƙofar fili in juya mota.

A cikin wannan hali na je gida Ruwan Gizo, ƙasar Talata Mafara, ɗaurin auren ɗiyar ƙanena. Bayan la'asar na tarar da kawuna a gindin bedi shi da abokin darar da suka tsufa tare. Ramuka 30 ne a tone a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, shi da tsakuwa, abokin da guntayen kara, wanda ya jera uku ya ci ɗaya. Babu kuɗin shekara, babu takalmi na musamman. An cinye Kawu sau biyu a jere, amma shi ya fi kowa dariya.

Da muka keɓe na kwashe damuwata na faɗa masa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, in an jefa ta ramin, mi aka ci?"

Na ce, "Ba a cin komai, Kawu, sai dai suna."

Ya ce, "To, ba a cin komi, kuma kai ba ka jin daɗi. Wa ya aike ka?"

Ban sami amsa ba. Washegari na bi bakin magudanan ruwan Bakolori wajen Bakura, ina kallon manoman rani. Tun da aka kammala madatsar a 1978 a kan Kogin Sakkwato kusa da Maradun, mutanen yankin nan ke shiga fadama ko suna so ko ba sa so, domin shinkafa da albasa ba su san gajiyar zuciya ba. Wannan shi ne aiki, kuma hakkinsa a jure. Wasa kuwa ba shi da wani amfanin gona sai nishaɗi. Ranar da nishaɗin ya ƙare, mutum ya zama ɗan ƙodagon da ba a biyansa, shi ne ma yake biya.

Duk da haka ban yarda a yi gaggawar jefar da sanda ba. Ya kamata mutum ya fara tantance abin da ya gundure shi: wasan ne, ko kayan da ya ɗora wa wasan? Tarihin golf yana da misali. A 1930 wani lauya Ba'amurke, Bobi Jons, ya lashe manyan gasa huɗu na zamaninsa a shekara guda, biyu a Birtaniya biyu a Amurka, sannan ya yi ritaya yana ɗan shekara 28. Gasa ya bari da matsinta, ya ci gaba da bugawa da abokansa, har ya taimaka aka gina filin Ogasta inda aka fara gasar Masters a 1934. Ya gane inda ƙaya take, ya cire ta, bai yanke ƙafar ba.

Akwai dalilan zama da ba su da tushe. Na farko, kuɗin da aka riga aka kashe a sanduna da rajista. Waɗannan sun tafi, zama cikin ƙunci ba zai dawo da su ba. Na biyu, tsoron a ce wane ya karye, shi ya sa ya daina zuwa. Wanda ya biye wa wannan zai mutu yana yi wa mutane wasan kwaikwayo. Akwai kuma dalilan da suka cancanci a auna su. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, in na bari, da me zan maye gurbin? Akwai abokan da fili kaɗai ke haɗa mu. Akwai kuma yaron da ke ɗaukar mini jaka, wanda ɗan abin da yake samu ranar Asabar yake cikin kuɗin makarantarsa.

Ga shawarar da na yanke. Zan biya na wannan shekara, amma na ba kaina wata uku. Ramuka tara kawai zan riƙa bugawa bayan sallar asuba, ba kati, ba gasa, ba tambayar nawa wane ya buga. In ƙafata ta soma jana zuwa fili da kanta, to lissafi ne ya gundure ni. In kuwa wata ukun suka cika ina jan jiki, zan miƙa wa yaron nan jakar da sandunanta, domin ya fi ni iya bugu nesa ba kusa ba, in nemi hanyar tafiyata a unguwa, in riƙa ziyartar abokai a gidajensu kamar yadda zumunci ya gada.

Mai karatu, wataƙila kai taka sandar ƙwallon dawaki ce, ko farauta, ko wata majalisa da ka daina jin daɗinta amma kunya ta hana ka tashi. Ka yi wa kanka tambayar Kawu. Zan kawo muku sakamakon nawa gwajin idan lokaci ya yi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.