WA YA CI KUƊIN GIDANKA?

Ɗan uwa na Garwa, 'yar uwa ta Gashiga, Pitowa da Gidar: shekara nawa kana biyan haya?

Tun 1977 gwamnati ta kafa bankin Crédit Foncier domin talaka ya samu rancen gina gida. Kowane wata ana cire kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikaci da sunan wannan banki. Malamin makaranta yana biya, ma'aikacin Sodecoton yana biya. Duba unguwarku, mutum nawa ka sani da ya yi gini da kuɗin nan?

A 2006 aka kama tsohon shugaban bankin, kotu ta ɗaure shi kan wawure dukiyar. An ba kura ajiyar nama. A 2009 suka yi alkawarin gidaje 10,000 da filaye 50,000, suka fara da Yawunde da Duwala. Arewa kuwa, sai jira.

Je ka nemi rance ka ji tambayoyinsu: ina shaidar albashinka, ina titre foncier? Ɗan kasuwar da ke kai kaya Yola da Mubi ba ya karɓar albashi. Mai gidan gado a Fulɓere ko Yelwa sau da yawa takardar jauro kawai gare shi, banki kuwa ba ya karɓarta jingina. Neman titre foncier ɗin ma sai takalminka ya ƙare a ofisoshi.

Wanda ya samu rancen ma ya yi hattara. Ka jinginar da gida, ka kasa biya, ma'aikacin kotu zai kawo maka takardar gargaɗi. Dokar OHADA ta ba ka kwana 20. In sun wuce, a rubuta ƙwace a ofishin filaye, daga nan a nufi gwanjo. Idan takardar ta iso, kada ka ɓoye ta a ƙarƙashin katifa. Nemi lauya a ranar, domin kana da ikon ƙalubalanta kafin a sayar. Kada kuma ka sa hannu kan abin da ba a fassara maka ba.

Ga abin da muke tsaye a kai:

1. A bayyana kuɗin da aka cire daga albashin mutanen Arewa, da nawa ya dawo musu rance.
2. Titre foncier cikin sauƙi, da farashi a rubuce a ƙofar ofis.
3. Rancen gida marar ruwa, ga ɗan kasuwa, manomi da mai sana'a.
4. A zauna sulhu da mai bashi kafin a taɓa gidan da iyali ke kwana.

Mulki ɗaya tun 1982, kai kuma har yau mai gidan haya na ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ranar zaɓe za su zo da atamfa da buhun shinkafa. Shinkafa kwana uku ce, haya kuwa kowane wata.

Ɗauki katinka. Fito da iyalinka. Ka zaɓi canji, ka tsaya har a ƙirga ƙuri'arka!